Injin da Ke Kunne

Auta ta kai hawa na uku tana haki, waya a hannu, ta tsaya a gaban ƙofar da aka kwatanta mata. Mai tasi yana ƙasa yana jira, har ya kwantar da kujerar baya don kaya su sami wuri.

Ta sake duba hoton. Injin iskar numfashi ne, fari, mai ƙananan tayoyi, an rubuta a ƙasansa cewa an yi amfani da shi amma lafiyarsa ƙalau. Kwana da kwanaki tana gadin gwanjon nan a manhaja, ana tayawa tana ƙarawa, har jiya wayar ta sanar da ita cewa ita ta ci. Kuɗin sun bar asusunta, sai dai ba su shiga hannun mai kaya ba. Manhajar ce ke riƙe da su, sai ta ga inji da idonta, ta gwada, sannan ta faɗa wa mai sayarwa lambar sirrin da aka turo mata. In rana ta faɗi ba ta faɗa ba, ciniki ya mutu.

"Ko kukan jini aka yi miki, kar ki ba da lambar nan sai inji na cikin mota," in ji yayanta da safe. "Na san ki da ruwan ido da saurin tausayi."

Baba ne ke jiran injin. Likita ya ce ranar da aka kai shi gida, ranar za a sallame shi. Tsohon ya gaji da asibiti, ya daina cin abinci, ya juya fuska bango, ba abin da yake faɗi sai, "Ku mai da ni ɗakina."

Ta ƙwanƙwasa. Wani dogon mutum ya buɗe, tawul a kafaɗa, cokali a hannu.

"Sannu da gida. Na zo ɗaukar injin ne."

"Wane inji?"

"Na gwanjo. Ba nan ne wurin Tsuntsuwa ba? Sunan da ke kan tallan ke nan."

Cokalin ya sauka a hankali. "Ina kika ji sunan nan? Ni kaɗai nake kiran ta da shi."

Wata siririyar murya ta fito daga ciki. "Direba, matsa mata ta wuce. Baƙuwata ce."

Kafin Auta ta ga komai, ƙarar ta fara ji, wani gurnani mai laushi da huci a kai a kai. Ɗakin fes yake, labule a ɗage, kwalaben magani a jere a kan teburin guga. Injin na gefen gado, fari, mai ƙananan tayoyi, koriyar fitilarsa a kunne. Siririn tiyo ya fito daga cikinsa, ya bi ta kan zanin gado, ya hau matashi, ya ƙare a hancin wata mata da ta rame har zobenta na yawo a yatsa.

Auta ta ja da baya. Ta dafa ƙyaure.

"Innalillahi," ta ce, ba ta ma san ta faɗa ba.

"Ga shi nan, kin gan shi yana aiki," in ji matar tana murmushi. "Wane gwaji ya fi wannan? Zauna, ƙanwata. Direba, ba ta kujera mana, ka tsaya kamar an dasa ka."

Mijin bai motsa ba. "Me kika yi?"

"Na sayar."

"Kin sayar da me?"

"Haba, kai ma ka ji." Ta ja numfashi, ta jira ya zauna mata, sannan ta dubi Auta. "Ki yi haƙuri da abin da kika tarar, lissafi ne ya ƙwace mini. Likita ya ce ba zan ga ƙarshen wata ba. Sai na sa gwanjon ya rufe bayan ƙarshen wata, don kowa ya huta. To ga wata ya ƙare, ga ni kwance ina kallon silin. Wallahi ni ma kunya nake ji."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Mijin ya yar da cokalin ya tallafo ta, yana shafa bayanta da tafin hannu, a hankali, kamar wanda ya yi haka sau dubu. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Motarsa ya sayar ya sayo wannan," ta ce da tarin ya lafa. "Motar da muke ci da ita. Na san halin mijina. In na tafi, zai lulluɓe injin nan da zanena ya zauna yana kallon sa har kuɗin haya su kore shi. Ba zai taɓa sayarwa ba. Ni kuwa so nake in ga kuɗin sun shiga wayarsa da idona, ya kama ko tsohuwar mota ce."

"Ba na son mota," in ji shi.

"Ba a tambaye ka ba."

"In aka cire miki wannan, da me za ki yi numfashi?"

"Akwai ƙaramar tukunyar iskar nan a bayan ƙofa. Za ta kai ni gobe."

"Jibi fa?"

Matar ta miƙa hannu. Ta kamo yatsunsa ta riƙe, ta juyo wurin Auta. "Wa za ki kai wa?"

"Babana," Auta ta ce. "Gida yake son komawa."

"Kin gani? Shi yana da inda za shi da injin. Faɗo lambar, ƙanwata."

Mijin ya miƙe ya tsaya tsakanin Auta da injin. Bai ɗaga murya ba. "Baiwar Allah, ban san ki ba, ba ki yi mini laifin komai ba. Amma in za ki fita da shi, sai dai ki bi ta kaina."

Wayar Auta ta hau ruri. Yayanta ne. Ta kalli sunan har kiran ya katse. In ta juya ta fita, kuɗinsu za su dawo cif, ba wanda zai zarge ta, ta koma gadin wani gwanjon, Baba kuma ya ci gaba da kallon bango. Ta dubi tiyon da ke motsi kaɗan-kaɗan a kan kumatun matar. Ta dubi hannun mijin, wanda har yanzu bai saki yatsun nan ba duk da ya juya wa matar baya.

Ta buɗe saƙon, ta karanto lambar ɗaya bayan ɗaya. Matar ta jawo waya daga ƙarƙashin matashi tana dannawa. Can sai aljihun mijin ya yi ƙara.

"Duba mana," in ji matar, idanunta na ƙyalli kamar na amarya. "Direba, don Allah duba in gani."

Ya ciro wayar ya miƙa mata ba tare da ya kalla ba. Ta daɗe tana duban saƙon, ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta kai hannu bayan kunne za ta zare tiyon.

Auta ba ta san lokacin da ta isa bakin gadon ba. Ta riƙe hannun.

"Yanzu nawa ne, ko ba haka ba?"

"Naki ne."

"To na ce a bar shi a kunne."

Matar ta zuba mata ido. "Babanki fa?"

"Zai jira."

"Ba zai jira da yawa ba," ta ce a hankali, da muryar lallashi, tana shafa bayan hannun Auta. "Na yi miki alkawari."

A bakin ƙofa mijin ya karɓi lambar wayarta, kansa a ƙasa. "Zan kira ki in..." Ya rufe ƙofar a hankali.

"Hajiya, ina kayan?" mai tasi ya tambaya. Da ya ga fuskarta, sai ya ɗaga kujerar baya ya tada mota.

Ta tarar da Baba zaune a bakin gadon asibiti, tiyon iskar bango a hancinsa, hula a kai, takalma a ƙafa, jakarsa a ɗaure. Kwanon abincin da ke gefensa wayam.

"Ya cinye tas," in ji ma'aikaciyar jinya tana dariya. "Tun safe yake sallama da mutanen ɗaki."

"Autata," Baba ya ce yana leƙen bayanta, "ina injin?"

"Mai shi ba ta gama da shi ba, Baba."

"Au. To yaushe za ta gama?"

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Kafin ta duba, zuciyarta ta yi wani tsalle, kuma ta san sarai na murna ne, don ta ɗauka mijin matar ne. Jikinta ya yi sanyi tun daga wuya har tafin ƙafa.

Yayanta ne.

Ta kife wayar a kan gado, ta durƙusa, ta fara cire wa Baba takalma.