Raɗar Bakanike

Tun ranar da nas ta gaya wa wani bakanike da matarsa mai ciki cewa jariri yana jin magana tun yana ciki, har in ya fito ya gane muryar da ya saba da ita, bakaniken nan ya ɗauki abin da zafi. Kullum ya dawo daga gareji, ko baƙin man hannunsa bai gama wankewa ba, sai ya durƙusa gaban matarsa ya yi ta ba cikin labari. Amma a raɗa yake yi, don yayar matar tana falo, kuma kunya ba za ta bar shi a ji yana hira da ciki ba.

Aka haifi 'ya mace. In ya ɗauke ta ya yi mata raɗar nan tasa, sai ta tsanyara kuka kamar an mintsine ta. Yaya kuwa, wadda ko gaisuwa ta yi sai maƙwabta sun amsa, da ta buɗe baki daga kicin sai yarinya ta yi tsit, ta shiga juya kai tana nemanta.

Kishi ya ci shi, ba kaɗan ba. Ya daina yi wa Yaya sannu da aiki. Ya fara tambayar matarsa, wai ita Yaya ba ta da gidan kanta ne? Ranar rigakafi ya bi su asibiti ya kai kuka wurin nas. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai raɗa ba ta ratsa ciki, duk hirar nan da rigar matarsa ya yi ta.

Ya dawo gida a cike. Yarinya na kuka a hannunsa, Yaya ta miƙo hannu ta ce, "Kawo ta nan, Baban Bebi, ba ka iya ba."

Nan ya fashe. Ya ɗaga murya yadda yake yi in ransa ya ɓaci, ya ce 'yarsa ce, gidansa ne, kowa ya kama gabansa. Yana cikin faɗan ya lura kukan ya tsaya. Yarinya ta zuba masa ido, ta yi lamo a ƙirjinsa.

Daɗi ya kama shi, ya juya ga matarsa yana washe baki. "Kin gani? Ta san ni."

Matar ba ta ɗago daga ninkin kayan da take yi ba.

"Ta san wannan muryar dai," in ji ta. "Ita muka yi ta sha, ni da ita, tun tana ciki."