Baƙin Mai a Gaban Riga

Rigar bakanike ce, amma bayanta fes. Mai wankin ta ɗaga ta a hasken ƙofar shago, ta juya, ta sake juyawa. Shekara ashirin tana cuɗar kayan maza, ta san duk mai kwanciya ƙarƙashin mota a gadon baya yake kwaso baƙin mai. Wannan kuwa a ƙirji aka shafa shi, yatsu huɗu reras.

Wata uku ke nan mai rigar yana zuwa. Ya gyara mata sakatar ƙofa, ya kawo mata man shafawa saboda hannuwanta da sabulu ya cinye. Ita da ta rantse ta gama da maza tun ranar da mijinta mai kemis ya jefo mata takardar saki, sai ga ta tana gyara ɗaurin ɗankwali in ta hango shi. Da girmanta! Sai dai hirarsu, ko daga ina ta faro, a kan tsohon mijin take sauka.

Da hantsi ya shigo yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, sarauniyar kumfa. An gama da tawa?"

"Zauna, malam. Wace irin mota ce ake gyarawa a tsaye?" Ta wurga masa rigar. "Shi ya turo ka, ko? Ka kwashi maganata ka kai masa, ya ƙara hana ni ganin 'ya'yana."

Murmushin ya ɗauke. Ya leƙa titi, ya turo ƙofa, sannan ya zaro wani kati daga safarsa.

"Ɗan sanda ne ni. Maganin da yake sayarwa jabu ne, yara biyu sun mutu. Inda yake ɓoye kayan muke nema."

Ta yi wata dariya marar daɗi, ta ɗage leɓenta na sama da yatsa.

"Ka ga giɓin nan? Da kwaɗon ƙofa ya yi mini shi. Da jini a baki na je ofishinku. Wani mai tumbi ya ce in koma in ba shi haƙuri. Ni zan ba da haƙuri! Ko biro bai ɗauka ba. Yau da kuke son bakin nan ya yi magana, kun turo mini mai daɗin baki da man shafawa."

"Man ba ya cikin aikin."

"Haka aka koya maka ka ce?"

Ya yi shiru. Shirun ya taɓa ta, don maƙaryaci ba ya rasa amsa. Amma gwanin maƙaryaci ma ai ya san da haka.

"Wurin na san shi," ta ce, "shekara shida ni ke share shi. Amma layi ake bi. Ƙarata ta riga taku zuwa. Rubuta."

Ya duƙa kan teburin guga. Ta faɗi ranar, ta faɗi kwaɗon, ta faɗi yadda ƙaramar 'yarta ta riƙe mata zane ana ɓanɓare ta. Sau biyu biron ya tsaya, sau biyu ta ce, "Ban gama ba." Ya cika shafi biyu, ya sa hannu, ya miƙa mata.

Ta zuba wa takardar ido. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ko ƙararta ce, ko igiyar da za ta ɗaure ta tare da mai kemis, duk kamarsu ɗaya.

"In karanta miki?"

"Wata uku bakinka nake ji." Ta ninke ta, ta ƙulle a bakin zane. "Akwai malamar makaranta a gidanmu, ita za ta karanta mini. Ka dawo jibi."

Ya tsaya a bakin ƙofa, rigar a hannunsa.

"In dawo a matsayin wa?"

Ta yayyafa wa dutsen guga ruwa, ya yi cuu.

"Takardar za ta faɗa."