Marigayi Zai Hau Jirgi

Tela yana kwance rub da ciki a filin bariki, ya faki idon Saje, ya kwance baƙin ƙyallen da aka ɗaura masa a dantse. Ya zaro wani ja da ya yanko daga ragowar ɗinki a shagonsa, ya ɗaure shi da haƙori.

Ƙa'idar atisayen ba ta da wuya. Mutanen gari da aka ɗauko su yi wasan waɗanda yaƙi ya ritsa da su, kowa da ƙyallensa. Mai baƙi gawa ne, a nan ake barinsa. Mai ja yana da mummunan rauni, shi ake ɗauka a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibitin tanti a bayan gari.

Tun atisayen farko Tela yake mutuwa. A lokacin ƙasashe uku ne kawai suka turo sojoji, da mota guda wadda sai an tura, jini kuwa tumatirin gwangwani ake shafa wa mutane. Ya mutu a shekarar da ruwa ya tafi da tantin manyan baƙi. Ya mutu a shekarar da rundunoni biyu suka kama juna saboda tafinta ya tafi cin abinci. Yanzu tutoci sun cika bakin titi, an zo da jirage, shi kuwa yana nan a ƙasa, don babu wanda ya kai shi iya kwanciya. Har a kasuwa Marigayi ake ce masa.

Bana Saje ya ce masa shekaru sun ja, wannan ce mutuwarsa ta ƙarshe. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Burinsa guda ne, ya ga garin nan daga sama, kuma ya riga ya cika wa matarsa baki cewa yau zai hau jirgi.

Da ya hango masu ɗaukar majinyata, ya zaro kwalbar jan fenti daga aljihu, ya juye a kansa don kada a raina raunin, ya shiga nishi.

"Kai, Marigayi, yaushe ka tashi?" in ji maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, wanda shi ma gawa ne.

"Rufe mini baki, gawa ba ta magana."

Wata likitar soja daga wata ƙasa mai nisa ta durƙusa a kansa. Ana ba ta maki a kan aikinta, saboda haka ba ta yi wasa ba. Ta ga kai jina-jina, ta jawo bandeji ta naɗe goshi, ta naɗe kunnuwa, ta bi ta kan idanu, hanci da baki kawai ta bari.

"Baiwar Allah, idon lafiyarsa lau," in ji Tela.

Ba ta jin yarensa. Ta dafa kafaɗarsa cikin tausayi, ta sa aka ɗora shi a gadon ɗaukar majinyata, aka ɗaure hannayensa a jikin gadon don kada ya taɓa raunin.

Jirgi ya tashi. Tela ya ji ƙara, ya ji warin takalmin wani soja kusa da hancinsa. Ya yi ta murza kai a jikin gado ko bandejin zai zame, wani hannu mai kirki ya gyara masa shi. Sai da aka sauka aka kwance shi, ya ga rufin tanti.

Da yamma ya shiga gida, fenti har cikin kunne. Matarsa ta ajiye masa ruwa, ta zauna tana kallonsa.

"To, Malam, yaya gidanmu yake daga sama?"

Ya kurɓi ruwa, ya gyara zama irin na wanda ya ga duniya.

"Ƙarami ne. Kuma kwanon ɗakinki duk ya yi tsatsa."

"Alhamdu lillahi da ka gani da idonka," in ji ta. "Yaushe za a canza shi?"