Ciyawar da Baba yake cirewa

Shekara uku ina ƙirga wani tsiro da ba ya fitowa ko'ina sai a gefen dutse ɗaya, kuma kullum raguwa yake yi. Na fara da tushe arba'in da ɗaya, bana saura sha tara. Tsofaffin suna mutuwa, babu sabo. Fure yana fitowa, iri yana zuba, da idona na gani. To ina 'ya'yan suke shiga? Kaina ya ɗaure tamau.

Na zargi awaki, muka kewaye wurin da waya. Na zargi tururuwa. Na kai ƙasar ɗakin gwaji, aka ce lafiyarta lau. Shugabar sashenmu na binciken tsirrai ta ce in damina ta wuce babu sabon tsiro, za a rufe aikin.

Babana ne mai kula da wurin. Ni na nema masa aikin bayan ya bar noma, don zaman gida yana sa shi faɗa da kowa. Ranar farko na ba shi hoton tsiron, mai dogon ganye kamar wuƙa, na ce, "Baba, duk abin da bai yi kama da wannan ba, ciyawa ce." Wuri kuwa ya zama fes.

Wata safiya a ofis na duba kwanon da na shuka irin a ciki, wanda tuni na fid da rai da shi. Ya tsiro! Sai dai ganyen ƙanana ne, zagayayyu, masu gashi-gashi. Na daɗe ina kallo. A ina na san wannan abu? A kwandon da Baba yake zuba ciyawa na san shi.

Na isa dutsen ina haki, na tarar kwandon ya cika.

"Lafiya, 'yar nan?" in ji Baba. "Kin ga ciyawar nan mai taurin kai? Shekara uku ina fama da ita, sai gindin tsironki take bi."

Kunya ta rufe ni, don ni na ba shi hoton.

"Ki yi haƙuri," ya ce yana murza gwiwa. "Kusurwar can ban taɓa ta ba, ƙafar nan ta hana ni durƙuso. Gobe zan ƙarasa."

Na ruga can, na durƙusa ina ƙirga 'ya'yan tsiron. Sittin da biyu. Na fashe da kuka.

Baba ya ɗingiso ya tsaya a kaina. "Ikon Allah! In don wannan ne, matsa, yanzu zan cire miki su."