Gwaggo, Jirgin Mai Lambar Ƙarshe

Su uku aka ɗauka aiki rana ɗaya a ƙaramin kamfanin jiragen, cikin watan Afrilun 1991, kuma ƙa'idar wurin ita ce idan ranar ɗauka ta zo ɗaya, takardar shekaru ke raba gardama. Lukumanu ya girmi sauran biyun da shekara biyu cur. Amma tun lokacin da za a sa shi firamare a Tudun Kaya, mahaifinsa Malam Sulle, magatakardan dagaci, ya je kotu ya rage masa shekara uku don kada a ce ya yi wa aji ɗaya girma. Wannan tsohuwar rantsuwa ita ta jefa shi ƙasan jerin matuƙa, na goma sha tara cikin goma sha tara.

A kamfanin nan lamba ita ce komai. Na sama su ke zaɓen garin zama da jirgin da za su tuƙa, suka kwashe Kano da Kaduna da jiragen fasinja. Abin da ya rage shi ake miƙa wa na ƙarshe: wani fili na jar ƙasa da aka share a bayan Karaye, da tsohon jirgin feshi mai kujera ɗaya wanda matuƙa ke kira Gwaggo. Aikinsa kashe jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka gona kamar hayaƙi su tsotse dawa tun tana madara. Wata shida mai lambar ƙarshe zai yi da Gwaggo, sannan a ɗauki sabo a ɗora masa, shi kuma ya koma Kano ya zauna gefen kyaftin a jirgin fasinja.

Mutanen Tudun Kaya sun ɗauka karramawa ce aka kawo ɗansu gida. Lukumanu bai taɓa gyara musu ba.

Saura masa kwana tara lokacin da Kyaftin Gwadabe, na biyu a jeri kuma mai kula da ƙananan matuƙa, ya zo daga Kano a farar Fijo don duba aiki. Ya tarar da Lukumanu durƙushe ƙarƙashin fiffike tare da Ɗanmaliki, tsohon bakaniken da ya fi kowa daɗewa da jirgin. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiyar hanya, Lukumanu ya miƙe yana goge hannu.

"Ranka ya daɗe, famfon feshin nan ba ya rufewa idan ya yi zafi. Jiya sau uku na ja hannunsa kafin guba ta tsaya."

"To ka ja sau huɗu mana," in ji Gwadabe.

"Zan rubuta a littafin jirgi."

Gwadabe ya cire tabarau ya dube shi. "Rubuta. Ranar da ka rubuta, a ranar za a ɗaure jirgin, a hana shi tashi. Kayan gyaransa sai an yi odarsu daga waje, sai ranar da Allah ya yi. Watannin da ka yi kuwa sun bi ruwa, don ba a lissafa wa matuƙin da jirginsa ke zaune. Hadi, yaron da za mu ɗauka sati mai zuwa, sai ya tsallake ka ya tafi Kano, kai ka zauna nan kana gadin Gwaggo."

Ɗanmaliki ya yi dariya daga ƙarƙashin fiffike. "Yallaɓai ma da irin wannan wayar ƙarfen na ɗaure masa famfon, yana saurayi ko gemu babu."

"Kuma ga ni ban mutu ba," in ji Gwadabe. "Mu goma sha shida da muka riga ku shiga duk mun sha hannun tsohuwar nan. Kai ne za ka zo da boko?"

Abin takaicin ke nan. Maza goma sha shida, kowa da takardar shaidar tuƙi, kowa ya ji hannun famfon nan ya cije a tafinsa, kuma kowa ya ƙirga kwanakinsa ya haɗiye maganar ya bar wa na bayansa. Littafin jirgin fes yake, shekara da shekaru babu ko ɗigon tawada a shafin matsala. Lukumanu ya san haka, ya sha zagin wannan ɗabi'a tun suna makarantar tuƙi. Ya buɗe littafin, ya daɗe yana kallon farin shafin. Kwana tara. Ya mayar da biro aljihu.

Ranar Laraba aka kawo labarin jan-baki sun yi matattara a fadamar Ruwan Bago, can ɓangaren Rogo. Sai rana ta yi sanyi tsuntsayen ke taruwa, don haka ya tashi bayan la'asar sakaliya, tanki cike. Ya sauko ƙasa ƙasa har yana ganin kan dawa na kwanciya, ya buɗe famfo a kan ciyayin fadama, farin hazo ya bi bayansa. A ƙarshen fadamar ya ja hannun don ya rufe. Bai motsa ba. Ya sake ja, ya sake, ya kai masa naushi har fatar yatsunsa ta ɗaye. Wayar Ɗanmaliki ta tsinke ta faɗo tsakanin ƙafafunsa.

Gabansa tafki ne. Hagu da dama dogayen giginyu, ba halin juyawa a wannan ƙasa-ƙasa. Ya ga mata da tuluna a bakin ruwa, ya ga shanun huɗa biyu sun sunkuya suna sha. Matan suka ɗaga kai suna kallon jirgi, wata har ta ɗaga masa hannu. Ya wuce ta kansu guba na zuba kamar yayyafi.

Washegari da hantsi mutanen Ruwan Bago suka iso filin, a motar a-kori-kura da kekuna, wasu a ƙafa. Sun fi mutum hamsin, da sanduna da fartanya da gatari. Gwadabe, wanda ya kwana a Karaye, yana tsaye jikin Fijonsa. Ya matso kusa da Lukumanu ya rage murya.

"Iska ce ta juya. Ka ji ko? Iska. Babu abin da aka rubuta, babu wanda zai ce jirgin ne. Kwana bakwai ya rage maka."

A gaban taron akwai wani dattijo baƙi siriri, rigarsa duk jar ƙasa har gwiwa. Lukumanu ya gane shi: Barau, manomin da ke kawo wa mahaifinsa gyaɗa duk kaka tun yana yaro.

"Baba Barau, sannu..."

"Riƙe gaisuwarka, ɗan Malam Sulle. Daga maƙabarta muke. Tasalla, uwar 'ya'yana, kumfa take fitarwa ta baki har ta cika, ko asibitin Rogo ba mu kai ba. Mata huɗu na can kwance. Shanuna sun kumbura a bakin tafki." Ya nuna Lukumanu da yatsa. "Tasalla ce ta ɗaga maka hannu. Ta ce ga ɗan Malam nan."

Gwadabe ya shiga tsakani yana buɗe hannuwa. "Malam, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ƙaddara ce. Iska ce ta kwashi maganin, mu kanmu..."

"Ba iska ba ce," in ji Lukumanu. "Famfon ne ya ƙi rufewa. Na san ya lalace tun kafin in tashi. Shi ma kyaftin ɗin nan ya sani. Na yi shiru don kada in rasa lambata."

"Lambar me?" in ji Barau.

Lukumanu ya buɗe baki, ya rasa yadda zai bayyana wa mutumin da ya binne matarsa yanzu abin da ake nufi da jerin matuƙa. Sandar farko ta same shi a gefen kai kafin ya samo kalma. Ya faɗi kan gwiwa. Ta biyu ta sauka a bayansa, wani ya tokare shi a haƙarƙari, ƙasa ta cika masa baki. Ya ɗaga hannun dama ya kare fuska, ƙotar fartanya ta sauka a kan hannun, ya ji ƙashin ya ɓalle kamar busasshen kara. Can gefe ana farfasa gilasan Fijo. Gwadabe ya ruga cikin dawa, hularsa a ƙasa, samari uku na bin sa da jifa. Ɗanmaliki ya rungume wani mai gatari yana roƙo, aka gwabje shi a baki ya zube zaune, haƙori a tafin hannu.

"A ƙone jirgin!" wani ya ce. An riga an fara jan busasshiyar ciyawa zuwa ƙarƙashinsa.

Lukumanu ya ja jiki ya dafa tayar jirgin ya miƙe. Jini ya rufe masa ido ɗaya. "Kada ku sa wuta. Akwai sauran guba a tanki, hayaƙin zai kashe na Karaye ma." Ya miƙa hannun hagu wajen Barau. "Baba, ara mini gatari."

Barau ya dube shi. Ya karɓi gatari daga hannun wani ya jefa masa a gaban ƙafa.

Da hannu ɗaya ya ɗauka. Saran farko ya zame, na biyu ya shige cikin fiffike har ƙota. Ya zare ya sake, yana nishi, karyayyen hannun na lilo. Ya sassare bututun feshi ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan wayoyin jela. Da ƙarfinsa ya ƙare wasu suka karɓa, ya riƙa nuna musu inda za su sara da inda za su kauce wa tanki. Kafin azahar Gwaggo ta durƙusa a kan hanci, fiffikenta ɗaya a ƙasa, farfela a lanƙwashe.

Mutane suka fara watsewa. Barau ne na ƙarshe. Ya ɗauki gatarin ya saɓa a kafaɗa.

"Wannan bai dawo da ita ba," ya ce. "Ka gaya wa Malam Sulle bana kada ya jira gyaɗata."

Sai bayan sun tafi Gwadabe ya fito daga cikin dawa, goshinsa a fashe, rigar duk ƙaiƙayi. Ya tsaya yana kallon abin da ya rage na jirgin.

"Ka gama tuƙi a ƙasar nan. Yau ɗin nan zan cire sunanka daga jeri."

Lukumanu yana zaune a inuwar karyayyen fiffiken, littafin jirgi a kan cinya. Ɗanmaliki, bakinsa a kumbure, ya riƙe masa shafin, shi kuma yana rubutu da hannun hagu, baƙaƙen na karkacewa kamar na ɗan aji ɗaya. Ya sa kwanan wata, ya rubuta cewa famfon feshi ba ya rufewa. Ya tsaya, ya tambayi Ɗanmaliki shekarar da ya fara ɗaure shi da waya, ya rubuta ita ma a ƙasa.