Kilomita Goma Sha Ɗaya Kafin Amsa

…talatin da ɗaya, in ji allon da ke bakin titi. Ɗaya, ba biyu ba. Ita da za ta iya rantsewa ta wuce biyu tun ɗazu. Saura goma sha ɗaya ke nan da 'yan taku. Goma sha ɗaya, gudun fanfalakin ya ƙare, sai gida, sai Yaya, wanda ke zaune a falonta tun safe, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jiran amsa.

Kar ki tuna. Dama, hagu. Dama, hagu.

Shekara arba'in da shida, 'ya'ya uku, gwiwar hagu mai yawan ƙorafi, ga lamba an maƙala mata a ƙirji da fil huɗu kamar kwalbar jinin da take liƙa wa takarda a wurin aiki. Shekara ashirin tana ɗibar jinin mutane a ɗakin gwaji, tana ce musu ku dunƙule hannu, ba zafi, kamar cizon sauro ne — yau ga nata jinin yana kaɗa mata ganga a kunne. Wa ya aike ta? Ba kowa. Abin haushin ke nan, babu wanda za ta ɗora wa laifi.

Farcen babban yatsa ya tafi, ta sani. Tana jin danshi a cikin safa. Na bara ma haka ya yi, ya yi baƙi, ya faɗi a ƙofar banɗaki, maigidanta ya tsince shi da takarda yana cewa, "Maman yara, in guntu-guntu za ki riƙa zubewa, ki faɗa mini in nemo kwando." Ta yi dariya ranar har da riƙe ciki. Yanzu ma tana so ta yi, babu iskar yi.

Umma ta karya kuwa? Ita dai ta bar mata shayi a kofi mai murfi, wanda ba ya zuba. Ta jera magani a faranti, farare biyu, rabin ja. Ta rubuta wa Yaya takarda da manyan baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya: kar ka ba ta ruwa tana kwance. In ta tambayi Baba, kar ka ce ya rasu, ka ce ya je kasuwa. Makullin ƙofar waje yana saman firji. Zai karanta? Yaya da takarda… Yaya umarni ya iya bayarwa, tun suna yara, shi ne babba, ita ce auta, tsakaninsu shekara goma sha ɗaya da kaburbura biyu.

"Auta, shekara huɗu ke nan kina fama. Ki bar ni in ɗauke ta. Ɗaki yana nan, na sa an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, an samu mai jinya. Dubi wuyanki, don Allah."

Gudu ne ya ramar da ni, Yaya.

"To je ki yi gudunki. Gobe da safe zan koma, da ita ko ba ita. In kin dawo ki faɗa mini."

Garin Yaya, tafiyar awa shida a mota. Awa shida! Daidai lokacin da aka ba masu gudun nan kafin a buɗe titi, kafin farar bas ɗin can ta kwashe waɗanda suka gaza. Tana baya, bas ɗin. Ba ta waiwaya ba, amma tana jin ta a ƙeya, tana tafe a hankali kamar mai bin gawa.

Talatin da uku. Teburin ruwa. Kofunan takarda sun cika titi, an tattake su, ƙafa tana santsi. Matse bakin kofin, sha kaɗan-kaɗan, sauran a zuba a wuya. Haka take matse wa Umma cokali a gefen baki, ha, Umma, ha, saura ɗaya… ruwan yana gangarowa ta haɓa, ta share da gefen mayafi. Hannun da ya yi mata kitso shekara goma sha biyar, yanzu bai san hanyar baki ba.

Ta ina ma aka fara? Da shara. Wallahi da shara aka fara. Wata na biyu da dawowar Umma gidanta, da sassafe, Umma ta tsaya a tsakiyar falo tana nuna ta da yatsa a gaban yara: ɓarauniya, ta sace mini 'yan kunne. 'Yan kunnen suna kunnenta. Ita kuwa ta ɗauki ledar shara ta fita, ta jefa a bola, ƙafa ta ƙi juyowa. Silifas, zane, ɗankwali — ta wuce shagon mai faci, ta wuce gidan mai, ta kai shataletale tana haki kamar wadda kare ya biyo. Mai facin har yau in ya gan ta sai ya ce, "Hajiya, yau ma ba a kama ki ba?"

A shataletalen ta gan su. Mutum bakwai da gajeren wando da agogo, da wani dattijo siriri kamar sanda, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda suke kira Koci. Ya dubi silifas ɗinta, ya dubi fuskarta, bai tambaye ta komai ba. "Talata da Alhamis da Asabar, bayan sallar asuba. Ki nemo takalmi."

Talata, Alhamis, Asabar. Shekara huɗu. Dogon wando, riga har gwiwa, hijabin roba mai kama kai. Kilomita uku, sannan biyar, sannan goma. Ciwon gefen ciki, bororo a diddige, ƙanƙara a leda a kan gwiwa tana duba aikin makarantar yara. Awa ɗaya da rabi da babu mai kiran sunanta. Ba Mama ina safata, ba Anti sakamakon ya fito, ba… ba ihun nan daga ɗakin ƙarshe.

Talatin da huɗu. Agogo: awa huɗu da rabi. Da sauran hali, in ƙafa ta yarda.

Bara a ashirin da takwas ta tsaya. Ba ƙafa ba ce, waya ce. Tana ɗaure a ƙugu tana kaɗawa, tana kaɗawa. Umma ta fita, ba a san inda ta yi ba. Ita kuwa ta tsallaka igiyar gefen titi da lambarta a ƙirji ta tare tasi. A tashar bas aka sami Umma, takalmi ƙafa ɗaya, da cokula shida a cikin jaka, wai za ta ɗauko Auta daga makaranta, an tashi tun ɗazu, yarinyar za ta yi kuka. Ga Autar tsaye a gabanta, gumi yana ɗiga… Bana ta bar wayar a aljihun tebur. Da gangan. Ta rufe aljihun da gwiwa, har ya yi ƙara.

Wace irin 'ya ce ke barin waya?

Yau da safe tana ɗaura igiyar takalmi a bakin gado, Umma ta kama mata wuyan hannu. Ƙarfin da ke cikin yatsun nan! "Baiwar Allah, in kin fita ki duba mini Auta. Yarinyar nan ba ta zama wuri ɗaya." To, Umma. Zan duba ta.

Talatin da biyar — wayyo. Ga shi nan. Sharaɓar dama ta ɗaure tamau kamar an cusa dutse. Kar ki tsaya. In kin tsaya kin zauna, in kin zauna sai bas. Gishiri, ina ƙullin gishirin? Ya jiƙe, ya narke a aljihu, sai lasar leda. Gada ce a gaba, wa ya ce a sa gada a nan, wane marar imani ne ya zana hanyar nan? Koci ya faɗa tun a watan jiya: "A gadar nan kowa ke zagin uwar da ta haifi gudu. Kar ki dubi sama. Ki zaɓi fitilar titi ɗaya ki je gare ta, in kin isa ki gaishe ta, ki zaɓi wata." Sannu, fitila. Sannu, ke ma. Wani mai jar riga ya rungume ƙarfen gada yana amai. Wata ta cire takalmi tana tafe da safa, tana kuka ba sauti. Ba mai kallon kowa. Nan ne kaɗai wurin da mutum zai lalace a bainar jama'a a tafa masa.

Ita ta faɗa, ba wanda ya sa ta. Kwana uku da rasuwar Baba, falo cike da dangi, ta miƙe ta ce muddin tana numfashi Umma ba za ta kwana a hannun bare ba. Aka yi ta sa mata albarka. 'Ya ta gari. Auta ta fi maza goma. Har yau in goggonni sun zo dubiya sai sun maimaita, ita kuma ta sunkuyar da kai… tana jin daɗi? Faɗi gaskiya, ba mai ji. Tana ji. Kamar sukari a ƙasan kofi. In Yaya ya tafi da Umma, ita wace ce? Mai ɗibar jini mai ciwon gwiwa, shi ke nan?

Talatin da shida. Saman gada. Iska.

Ba wannan ba ne. Kin san ba wannan ba ne. Je ki wurin.

Ranar Laraba, mako uku da suka wuce. Ta dawo daga aiki, ta sauya zanin gado, ta yi wa Umma wanka, ta sa mata riga mai tsabta. Minti goma. Minti goma kawai ta shiga kicin. Ta dawo ta tarar an sake ɓatawa, gado, bango, riga, har gashi. Umma tana dariya. Ta kama damtsenta don ta ɗaga ta — ɗagawa ce, da farko ɗagawa ce — sai hannun ya ƙi saki. Ya matse. Ya girgiza. Bakinta yana faɗin abin da ba za ta maimaita ba ko a nan, ko a kan gadar da ba wanda ya san ta. Umma ta daina dariya. Ta dube ta da idon yaro, ta ce, "Yi haƙuri, Malama, ba zan ƙara ba."

Washegari shatin yatsu huɗu a fatar. Huɗu, da babban yatsa ta baya. Ita da marasa lafiya ke layi a teburinta saboda an ce hannunta ba zafi. Ta ce wa maigidanta ƙofa ce ta buge ta. Ya dubi damtsen, ya dube ta, ya ce Allah ya sawwaƙe. Ya sani? Shi ya kira Yaya? In shi ne… in shi ne, ta gode masa ko ta ƙi yi masa magana wata guda?

Umma ta manta kafin magariba. Ita ce aka bari da shi. Kullum in za ta sa mata riga, hannun dama tukuna, a hankali, tana kallon shatin yana komawa kore, yana komawa rawaya, yana ɓacewa. Ya ɓace ɗin. Hannun da ya yi shi yana nan, ga shi yana lilo a gefenta, dama, hagu.

A gidan Yaya bare ne zai yi mata wanka. Baren da zai tashi aiki ƙarfe shida ya tafi gidansu ya yi barci. Baren da bai taɓa shan nononta ba, don haka ba abin da zai ƙone shi in ta kira shi ɓarawo. Wa ya fi tausayi, wanda ke ƙauna ko wanda ya yi barci?

Talatin da takwas. Gangara.

Ƙafa ta saki. Kai, ta saki! Inuwar itatuwa a jere, rana, inuwa, rana, inuwa. Wani ya fito da tiyo daga gidansa yana fesa wa masu wucewa, ruwan ya sauka a fuska, sanyi har cikin haƙori. Ƙanshin burodi daga wani gidan burodi. Wata mata a baranda tana buga murfin tukunya da ludayi. Numfashi biyu ciki, biyu waje. Ta wuce mai koren hula. Ta wuce wasu biyu masu tafiya. Tsuntsaye a kan wayar lantarki, ɗaya, biyu, bakwai. Takalmi yana taɓa kwalta yana tashi, taɓa, tashi, kamar ba nata ba, kamar jikin ya san hanya tun kafin a haife ta. Ɓawon lemo. Farin layi. Sama fes, ba ko gajimare…

Arba'in.

Arba'in? Ina talatin da tara ta shiga?

Kilomita biyu. Minti goma sha biyar cur, ba Umma a kanta. Ba magani, ba makulli, ba zanin gado. Ba ta ajiye ta da niyya ba, sulalewa ta yi, kamar mayafi daga kafaɗa, ita kuma ba ta waiwaya ba. Kuma — Allah na tuba — daɗi. Daɗin da ta manta akwai irinsa. Haka sauran mutane ke yini? Haka kowace safiya za ta zama in ta ce to?

Abin da take tsoro ke nan ashe. Ba kewar ba. Ba bakin dangi ba. Kar a tafi da Umma, ita kuma ta ji sauƙi a ranta.

Arba'in da ɗaya. Ƙarfe a gefe biyu, mutane, lasifika tana kiran lambobi. Arba'in da biyu, ga ƙofar can da babban agogo a samanta, biyar da arba'in da wani abu, idon ya ƙi karantawa. Jan kafet. Ƙara ɗaya, tit. An rataya mata wani abu mai nauyi a wuya. Ƙafafun ba su ji labarin an gama ba, suna ta tafiya, sai da ƙarfen shinge ya tare ta.

Ƙasa. Gefen kwalta, da zafinsa. Igiyar takalmi ta ƙulle, yatsu sun kasa kwance ta. Wata mai rigar ma'aikatan tsere ta durƙusa a gabanta da gorar ruwa, ta dafa mata kafaɗa.

"Sannu, Anti, kin gama. Akwai mai zuwa ɗaukarki?"

Ta buɗe baki. Gishiri a leɓe. Ɗauka… a ɗauke ta, ita? Yaushe rabon…

Bari dai ta zauna tukuna. Minti ɗaya. Minti ɗaya kawai.