Ranar da Muka Jira Tusar Baba

Baba mutum ne mai kunya, ko gyatsa ba ya yi a gabanmu. Da aka yi masa aikin kansar hanji, likita ba ta tsaga cikinsa ba. Ƙananan ƙofofi ta huda, ta zura kyamara, ta yanke wurin ciwon, ta haɗe bakin hanjin a can ciki da na'ura.

"Haɗin ya yi kyau," in ji ta. "Amma sai Baba ya yi tusa za mu san hanya ta buɗe."

Baba ya juya fuska bango. Ni da Mama muka kasa kunne. Ko kujera ce ta yi ƙara, sai Mama ta zabura: "Ita ce?"

Washegari mijin Yaya ya durƙusa yana gaishe shi, sai ga tusar, doguwa, har da lanƙwasa.

Suruki ya ce, "Barka, Baba."

Baba ya gyara bargo. "Maganar nan ta mutu a ɗakin nan."

Mama kuwa tuni tana baranda, tana yi wa dangi albishir a waya.